Kiwon kifi a akwatin gilashi: darasin tabkin Madarunfa ga mai sayen matata da famfon iska

Matafiyin da ya bar Maraɗi ya yi kudu, da ya ci kilomita 20 da ƴan kai zai iske garin Madarunfa zaune a bakin tabkinsa. Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ke ɗura wa tabkin nan ruwa da damina. Masunta na cin abinci a cikinsa, masu lambu da makiyaya na amfana da gefensa, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da tarihin baka ya ce suna kewaye da shi, waɗanda jama'a ke zuwa ziyara daga nesa. A shekarar 2006 ƙasar Nijar ta sa tabkin, tare da gandun daji da kaburburan, cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta ƙidaya cikin kayan gadon duniya, sa'an nan a 2019 aka shigar da shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

To amma akwai abin da mai kallon tabkin bai cika lura da shi ba. Babu mai hura wa ruwan nan iska, babu mai tace shi, duk da haka karfasa da tarwaɗa na rayuwa cikinsa suna hayayyafa. Iska na kaɗa fuskar ruwan dare da rana, ciyayi na fitar da oksijan in rana ta fito, laka da yashin ƙasa na cike da ƙananan halittu masu cinye ƙazanta, kuma kowace damina sabon ruwa na shigowa. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya yi sha'awar ajiye kifi cikin akwatin gilashi a falonsa, irin wanda ake gani a otal-otal da ofisoshin Kano da Yamai, ya raba kifin da duk wannan hidima ke nan. Abin da tabki ke yi kyauta, tilas ya biya da inji biyu: matata da famfon iska. In ya yi kuskuren zaɓe, da kuɗin da kifin duka za su tafi.

Ajiye kifi a gilashi ba sabon abu ba ne. Wata Bafaransiya mai binciken halittun teku, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera irin wannan akwati a tsibirin Sisili a 1832. A 1850 wani masanin sinadarai na Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa in aka haɗa kifi da ciyawar ruwa da dodon koɗi daidai gwargwado, ruwan kan daɗe bai ɓaci ba. A 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan. Tun daga lokacin matsala biyu ce ke bin mai wannan kiwo: ƙarancin iska da taruwar guba.

Zafi na korar iska daga ruwa

Kifi ba ruwa yake shaƙa ba, oksijan da ta narke cikin ruwan yake zuƙa ta jajayen gaɓoɓin nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, waɗanda akan kira kunnen kifi. Ita kuwa oksijan ta ruwa ƴar kaɗan ce. Lita guda ta ruwa mai digiri 20 ba ta riƙe fiye da miligiram 9 da ɗan ɗori; in zafin ya kai digiri 30 sai ta sauka zuwa 7 da rabi, a digiri 35 kuwa wajen 7. Bugu da ƙari, yadda ruwa ke ɗumi haka jikin kifi ke ƙara neman oksijan. Wato a lokacin da ya fi bukatarta, a lokacin ne ta fi ƙaranci.

Wannan magana ta shafi jahar Maraɗi kai tsaye, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano kan riƙe zafin har tsakar dare. Ko da akwai ciyawa a akwatin, da dare ita ma oksijan take zuƙa. Shi ya sa mutuwar kifi ta fi aukuwa da asuba. Alamar kuwa ba ta ɓuya: in aka ga kifaye sun taru a saman ruwa suna buɗe baki kamar masu roƙo, ba yunwa ke damunsu ba, numfashi suke nema. Mai gidan da ya watsa musu abinci a wannan hali ya ƙara musu wahala ne.

Gubar da ido ba ya gani

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Na akwatin kifi kuwa yana iya ɓaci alhali yana garau kamar na randa. Kifi na fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta kunnuwansa, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su zama amoniya. Kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona kunnen kifi, kuma dafinta na ƙaruwa in ruwa ya yi ɗumi.

Maganin wannan guba wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, waɗanda masani ɗan ƙasar Rasha Sergei Winogradsky ya bayyana aikinsu a 1890. Kashi na farko na juya amoniya ta koma nitirit, wanda shi ma guba ne; kashi na biyu na juya nitirit ya koma nitirat, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta hanyar canza ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba su yawo cikin ruwa, maƙalewa suke a jikin abu mai ramuka, kuma su ma da oksijan suke rayuwa. Babban aikin matata ke nan: ta zama gidan ƙwayoyin, ruwa mai iska na ratsa ta ba tsayawa. Tare datti aiki ne na biyu.

Ƙwayoyin ba su cika matata a kwana ɗaya. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6. Mai gaggawar da ya sayi akwati da safe ya zuba kifi 20 da yamma, mako bai zagayowa zai fara tsince gawa. Hanya ita ce a fara da kifi biyu ko uku, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, ko a nemi guntun soso daga tsohon akwatin wani a sa cikin sabuwar matata.

Ruwa nawa, wane kifi

Kafin a taya inji, sai a san yawan ruwan. A auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, a ninka su, a raba da 1000. Akwati mai tsawon 100, faɗin 40 da zurfin 50 na cin lita 200, nauyin ruwan kaɗai kilo 200 ne, saboda haka teburin da za a ɗora shi ba na wasa ba ne. Akwati mai faɗi ya fi dogo siriri, domin ta fuskar ruwa iska ke shiga. Ƴar ƙwaryar gilashin nan mai ƙaramin baki kyan gani kawai gare ta.

Sa'an nan sai a dubi kifin. Tarwaɗa na da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, shi ya sa takan daɗe da rai cikin daro a kasuwa. Amma wannan bai kare ta daga amoniya ba, ga ci, ga saurin girma, ga haɗiye na ƙasa da ita; wurinta kwamin siminti a tsakar gida, da murfi. Gaiwa, wadda ke binne kanta a laka ta ci rani, da huhu take numfashi, in aka hana ta kaiwa saman ruwa nutsewa za ta yi. Karfasa na jure zafi, sai dai tana tonon yashi, tana tumɓuke ciyawa, tana yawan kashi, kuma ba a jimawa ƴaƴanta sun cika wuri. Giwan ruwa, wanda ake kira kafiten a faransanci, yana wuce mita guda kuma yana son ruwa mai yalwar oksijan. Ba kifin falo ba ne.

Cikin kifayen ado da ake shigowa da su, jan kifin nan mai asali daga ƙasar Sin ya fi son ruwa mai sanyi kuma yana ɓata ruwa ƙwarai, don haka bazara na ba shi wuya. Ƙananan kifaye irin su gufi sun fi dacewa da ɗumin ƙasar nan, ba su da yawan ƙazanta, kuma suna cinye tsutsar sauro.

Matata iri-iri

Mafi sauƙi ita ce matatar soso. Dunƙulen soson roba ne da bututu a tsakiya. Famfon iska na hura kumfa cikin bututun, kumfar na tashi tana jan ruwa ta cikin soson. Ba ta da injin kanta, ba abin da zai lalace a jikinta, ba ta tsotse ƴaƴan kifi, kuma famfo ɗaya ya yi tacewa da hura iska gaba ɗaya. Aibinta shi ne ba ta da kyan gani kuma ba ta kwashe babban datti da sauri.

Akwai matatar cikin ruwa mai ɗan injin lantarki. Tana da ƙarfin juya ruwa, amma sosonta ƙarami ne, yana saurin toshewa, kuma zafin injin cikin ruwan yake ƙarewa. Akwai wadda ake ratayawa a bakin akwati, ta ja ruwa sama ta maido shi yana zuba. Zubar nan na ƙara iska, wanke ta kuma ba wuya. Akwai babbar matatar waje mai kama da bokiti rufaffe, da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur da tiyo biyu. Ita ce ta fi ɗaukar kayan tacewa, ita ce kuma ta fi tsada, kuma kamar yadda za a gani a gaba, ita ce ta fi jin jiki in wuta ta yanke. Akwai kuma farantin da ake binnewa ƙarƙashin tsakuwa. Wannan ba ya aiki da kifi mai tono irin karfasa.

Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce matata mai inji ta juya ruwan akwati duka sau 4 zuwa 5 a awa guda. Akwatin lita 200 na neman wadda aka rubuta wa lita 800 zuwa 1000 a awa. Lambar da ke jikin kwali an auna ta ne da matata wayam, ba soso ba datti, saboda haka gara a ɗauki wadda ta ɗan ɗara, balle in kifin mai yawan kashi ne.

Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya haɗa tasa. Gorar roba da aka huhhuda, aka cika da wankakkiyar tsakuwa da tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa, aka zura tiyon iska har gindinta, tana yin aikin matatar soso, domin yumɓun da aka gasa ramuka ne da shi. Gawayin da ake sayarwa don matata kuwa na musamman ne, wari da launi yake kamawa, kuma cikin ƴan makonni ƙarfinsa ke ƙarewa. Gawayin girki ba ya maye gurbinsa, kuma akwati na rayuwa lafiya ba tare da shi ba.

Yadda ake zaɓen famfon iska

Mutane da yawa na zaton kumfar da ke tashi ita ce ke narkewa ta zama numfashin kifi. Kaɗan ne ke shiga ta nan. Babban amfanin kumfa shi ne tana ɗauko ruwan ƙasa ta kai shi sama, tana kuma motsa fuskar ruwan, wato tana yin aikin da iska ke yi a tabki. Don haka ba tafasar ruwa ake nema ba, motsi ake nema wanda ba ya tsayawa.

Masu ƙera famfo galibi suna lissafa kimanin lita ɗaya ta iska a awa ga kowace lita ta ruwa: famfo mai lita 200 a awa ga akwatin lita 200. In zurfin ya wuce santimita 50, a ƙara ƙarfi, domin nauyin ruwa na danne iskar. Famfo mai baki biyu ya fi, ɗaya ya tafi matatar soso, ɗaya ya tafi dutsen kumfa. Ƙaramin famfo wat 2 zuwa 5 yake ci. Mai wat 3 da ya kwana ya wuni yana aiki wata guda bai wuce kilowat-awa 2 da ɗan ɗori ba, don haka kashe shi da dare domin tsimin kuran asara ce, tun da daren ne kifi ya fi bukatarsa.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mai saye ya duba tun a kanti. Na farko, rubutun wuta: ta Nijar bolt 220 ce, injin da aka ƙera don Amurka mai bolt 110 ƙonewa zai yi, kuma kayan da suka biyo ta Najeriya sau da yawa kan zo da kai mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda ba ya shiga soket mai rami biyu. Na biyu, a sa a kunna shi a saurari ƙararsa, domin a falo zai zauna. Na uku, a tambaya ko ana samun ƴar robar da ke bugawa a cikinsa, domin ita ce ke fara yagewa. Na huɗu, a sayi ɗan makullin da ake sa wa tiyo mai barin iska ta wuce ya hana ruwa komowa. In babu shi, famfon ya zauna sama da bakin ruwa; in ba haka ba, da wuta ta yanke ruwa kan biyo tiyo ya cika injin ya malale ɗaki.

Famfo iskar ɗaki yake turawa cikin ruwa, da duk abin da ke cikinta. Da hunturu ƙura na toshe ɗan audugar da ke gindinsa, sai a riƙa kaɗe ta. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne maganin sauro na feshi da na ƙonawa: sinadarin da ke cikinsu mugun dafi ne ga kifi. Kafin a yi feshi a kashe famfo, a lulluɓe akwatin, sai ɗaki ya sha iska a sake kunnawa.

Ranar da aka ɗauke wuta

Nan ne zaɓen mutumin Madarunfa ya bambanta da na mutumin Turai. Wutar da jahohin Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna sha ta layin Katsina take shigowa, ta biyo ta Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ta ba sai bayan ɗage takunkumin ƙungiyar CEDEAO a Fabrairun 2024. Ko babu irin wannan rikici, bazara lokaci ne da bukatar wuta ke yawa, kuma hadarin farkon damina kan kayar da turaku.

In wuta ta yanke, babbar matatar waje na zama rufaffen bokiti marar iska. Cikin ƴan awoyi ƙwayoyin da ke ciki su fara mutuwa, ruwan ya yi ɗoyi, da wuta ta dawo kuma ta amayar da shi kan kifi. Mai irin wannan matata, in yankewar ta yi tsawo, sai ya cire ta daga soket, ya zubar da ruwan cikinta ya ɗauraye kafin ya kunna. Soso kuwa yana cikin akwatin tare da kifi, kuma duk abin da ya tayar da famfon iska ya tayar da shi.

Shi famfon iska ba shi da wuyar tayarwa. Akwai mai aiki da manyan batura irin na cocila, akwai mai batir a ciki da ke kama aiki da kansa da zarar wuta ta tafi, akwai mai jona wa ma'ajiyar cajin waya. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 na riƙe famfon wat 3 kusan kwana guda, in kuma an haɗa shi da ƙaramin farantin hasken rana, magana ta ƙare. In duk babu, sai a koma ga hannu: a riƙa ɗibar ruwan da moɗa ana zuba shi daga sama lokaci-lokaci, a kuma daina ba da abinci har wuta ta dawo. Lafiyayyen kifi na yin kwana biyu ko uku bai ci ba, amma ba ya yin dare ɗaya na bazara ba numfashi.

Abin da inji ba ya yi

Matata ba ta ɗauke wa mai gida canjin ruwa. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasan akwati a zuba sabo. Tsohon ruwan taki ne ga zogale da kayan lambu. Cike gurbin wanda ya tafi da zafin rana ba canji ba ne, domin ruwan ne ya tashi, gubar na nan. Ruwan famfo na ɗauke da sinadarin kulor mai kashe ƙwayoyin matata, sai a tara shi a buɗaɗɗen daro ya kwana ya wuni. Ruwan rijiya mai zurfi ba shi da oksijan sosai, a hura masa iska tukuna. Soso kuwa a matse shi cikin ruwan da aka zuƙo daga akwatin, ba a kai shi bakin famfo, sabulu kuma bai kusance shi. Abinci a ba da wanda zai ƙare cikin minti 2 ko 3. Kafin a tsoma hannu cikin ruwa, a cire duk wata waya daga soket.

Wanda ya ɗebo ciyawa ko yashi daga tabki ya sani yana iya ɗebo ƙananan dodon koɗi, irin waɗanda ke ɗauke da cutar tsargiya, su shigo gidan da yara ke wasa da ruwa.

Kira ga ƴan kasuwa da masu kiwo

Ɗan kasuwar da ke son shiga cinikin waɗannan kaya zai fi riƙe abokan ciniki in ya tambaye su yawan ruwa, irin kifi da halin wutar unguwarsu kafin ya miƙa kwali, ya kuma ajiye tiyo, soso, makulli da robar famfo a kanti. Araha ba ta ado, amma a nan tsada ma ba ta ceto. Ga gida a Madarunfa, akwati mai faɗi da ke nesa da taga, kifi kaɗan, babbar matatar soso da famfo mai batir sun fi injin alfarma da ke mutuwa tare da wuta. In da sauran kuɗi, a ƙara matata mai rataya a kai.

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko wanda sha'awar ta fita ransa, kada ya juye kifinsa a tabki ko a gulbi da sunan tausayi. Giwan ruwa da aka saka a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950 yana cikin abin da ya shafe ɗaruruwan ire-iren ƙananan kifayen wurin. Baƙon kifi, ko cutar da ya zo da ita, na iya taɓa abincin masuntan Madarunfa. A ba wani mai kiwo, ko a nemi shawarar ma'aikatan gandun daji da Sarkin Ruwa. Rigakafi dai ya fi magani.